'Yata mai shekara 13 ta fara suna a wasan ciya, kamfani na son ta yi masa talla. Yaya zan yi?

Maman Hanan:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wajen iyayen da ke renon 'ya'ya mata a nan Amurka, amma duk wanda ya ga abin faɗa ya faɗa, zan saurara.

Muna zaune a arewacin Dallas, jihar Texas. Tun Hanan tana 'yar firamare take wasan ciyalidin, wanda yaran nan ke ce wa ciya. Ba irin wanda ake gani a gefen filin ƙwallo ba ne, 'yan mata na kaɗa tuntu suna zuga 'yan wasa. Wannan gasa ce mai cin gashin kanta, kulob da kulob ke karawa. Ƙungiya za ta hau katifa a saki kiɗa, cikin minti 2 da daƙiƙa 30 su yi alkafura, su yi tsalle, su ɗaga juna, su cilla mutum sama su cafe, alƙalai na zaune suna ba da maki. Hanan ba ta da jiki, don haka ita ake ɗagawa. Yara biyu ke riƙe ƙafarta, ta ukun na baya tana tsaron ƙugunta da kanta.

A wata gasa farkon kakar bana wani baƙo cikin 'yan kallo ya ɗauki bidiyonta an cilla ta sama, ta murɗa jiki sau biyu ta faɗo hannun 'yan uwanta tana murmushi. Wani shafin Instagram da ke tattara bidiyoyin 'yan ciya ya ɗora, daga nan ya tsallaka TikTok. Abin da ya ƙara jan ido shigarta ce, domin tun ranar da muka kai ta muka yi magana da koci cewa za ta riƙa sa dogon wando a ƙarƙashin siket da riga mai dogon hannu. A duk ƙungiyar ita kaɗai ce haka, daga nesa ake gane ta.

Gasar da ta biyo baya ce ta hana ni barci. Muna fitowa daga ɗakin ɗumama jiki sai wata yarinya da ba ta wuce shekara 7 ba ta ƙwala kiran sunanta. Kafin in ankara layi ya kafu a baranda, kowace da ƙaton ribin ɗin kanta a hannu tana so a sa mata hannu a kai. Wata har da kukan murna, uwarta na ɗaukar hoto. Hanan ta durƙusa tana rungumarsu ɗaya bayan ɗaya. Yaran nan uku da ke ɗaga ta kuwa suna jingine da bango, ɗaya riƙe da jakarta da robar ruwanta, ba wanda ya ce su shigo hoton. Cikinsu akwai wadda ta taɓa fasa leɓe da gwiwar hannun Hanan don kada kan 'yata ya taɓa ƙasa. Na kalli fuskarta na ji ba daɗi har cikin raina. Uwarta da muka saba zama tare muna hira, ranar gaisuwa ce kawai ta haɗa mu.

Yanzu wani ƙaramin kamfani mai sayar da ribin da kayan horo ya aiko min saƙo, suna son ta zama jakadiyarsu. Za su ba ta kaya kyauta da wani kaso na cinikin da aka yi da sunanta, ita kuma ta riƙa sa hoto duk mako, da sharaɗin shafinta ya zama a buɗe. A yanzu a rufe yake, a wayata yake, ni ke riƙe da lambar sirrin. Na zauna na bi masu neman shiga shafin ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu yara ne 'yan ciya da iyayensu mata, amma akwai maza manya, wasu ba hoto ba cikakken suna, kuma wani ya rubuto yana tambaya ko tana da bidiyon miƙa ƙafa ita kaɗai. Jikina ya yi sanyi.

Babanta ya ce a goge shafin, magana ta ƙare. Ita kuma ta yi kuka har ido ya kumbura, wai da haka Gabi Butler, wata shahararriyar 'yar ciya, ta fara, kuma duk wahalar da ta sha sai yanzu da aka gan ta za mu rufe mata ƙofa. Ni ina tsakiya. Na ga irin faɗuwar da ta sha kafin ta iya wannan murɗawar, ina so a yaba mata. Amma yarinyar da har yau sai na tuna mata ta goge haƙora kafin ta kwanta, ta yaya za ta ɗauki idon dubban mutanen da ba ta sani ba? Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah ya gaya min yadda ya yi.

Baban Khalifa:

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya raya Hanan, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Ni ina bayan maigidanki, har ma zan ƙara a kai. Ba shafin ne matsalar ba, wasan ne. 'Ya mace ta fara girma ana ɗaga ta a gaban dubban mutane kowa da wayarsa, ko kin rufe naki shafin na wasu a buɗe yake, kin kuma gani da idonki. Sannan ido guba ne, bakin mutane ba abin wasa ba ne. Nan da shekara biyu ko uku dole ki cire ta, to gara yanzu. Ga gudu, ga harbin kibiya, ga wasanni da yawa da za ta motsa jiki cikin sutura. Ki yi haƙuri in na yi tsauri, matsayin 'yata na ɗauke ta.

Zainabu daga Atlanta:

Anti, sannu da ƙoƙari. Na yi ciya a Georgia tun daga aji shida har na gama sakandare, kuma duk shekarun nan a ƙasa nake, ni ce mai riƙe ƙafa. Da na zo inda kika ce yaran uku na jingine da bango sai da na ajiye wayar, domin na tsaya a jikin wannan bangon.

Sunan da ake yi a ciya ba irin na mawaƙa ba ne. Ki ɗauki wadda ta fi kowa suna ki shiga Walmart da ita, ba mai waiwayo. Amma ki kai ta Orlando a watan Afrilu lokacin gasar duniya, wadda ake yi a Disney tun 2004, sai manya sun raka ta kafin ta iya ratsa taro. Muna ƙanana mun haddace sunayen 'yan Panthers na Cheer Athletics da ke Plano, nan kusa da ku, da Senior Elite na Cheer Extreme a North Carolina, da Orange na Stingray da ke Marietta kusa da mu. Mun san wa ke tsakiya in an ɗaga juna an yi dalar mutane, mun san wa ta canja kulob. Kusan duk waɗanda muke bi 'yan sama ne, sai ɗaiɗaiku masu zafin alkafura. Kyamara sama take kallo.

Gabi Butler da Hanan ke faɗa, gaskiya ne tana yarinya ta fara. Tana ƙungiyar Smoed ta California All Stars lokacin da ake nuna su a wani shiri na YouTube, suka ci gasar duniya, daga baya ta je kwalejin Navarro da ke Corsicana, aka gan ta a shirin Cheer na Netflix a 2020. Ki kalli ɓangarenta a shirin. Iyayenta ne ke tafiyar da harkar, waya ba ta daina ƙara, ga horo, ga ɗaukar hoton talla, ga tafiye-tafiyen koyar da yara, gajiyar a fuskarta take. Sana'ar gida guda ce sukutum. Kuma ita ɗaya ce cikin dubbai.

Abin da na fi so ki ji shi ne labarin tamu 'yar saman. Da ta fara tara mabiya ba mu tsane ta ba, ƙawarmu ce. Amma in aka faɗi a gasa mu ake zagi a ƙarƙashin bidiyo, wai 'yan ƙasanta sun kayar da ita. In aka yi tsaf ba a cire maki ko ɗaya ba, ita ce gwana. Wannan mun haɗiye. Da ta kai shekara 15 ta yi tsawo ta ƙara nauyi kamar kowace 'ya mace, koci ya sauko da ita ƙasa ya ɗora wata ƙarama. Abu ne da ke faruwa a kowane kulob duk shekara, a yi ɗan kuka a wuce. Ita kuwa a idon dubban mutane ya same ta, suna tambaya a ƙarƙashin hotonta me ya faru, wasu na cewa ta yi ƙiba. Ta daina cin abincin rana a makaranta, sai ruwa da cingam. Mu muka gane kafin mahaifiyarta. Anti, jikin Hanan bai gama canjawa ba, ranar da za a sauko da ita tana iya zuwa. Mutum nawa kike so su tsaya kallo a ranar?

Kawu Baban Khalifa, da girmamawa, ban goyi bayan a cire ta ba. Wasan bai cuce ni ba, ƙawayen da na samu a can har yau su ne nawa.

Maman Hanan:

Baban Khalifa na gode, ban ji haushi ba ko kaɗan, abin da yayana ya faɗa min ke nan a waya daga Kaduna. Maganar sutura mun daɗe da yanke ta ni da babanta. Ƙungiyarta mata ne zalla, ba namijin da ke ɗaga ta, kuma ranar da kulob ya ce sai ta sa guntuwar rigar nan mai bayyana ciki da manyan ƙungiyoyi ke sawa, ranar za mu tattara namu ya namu. Ita ma ta san da haka. Amma in cire ta yau saboda wani baƙo ya ɗauke ta bidiyo, an hukunta ta ke nan a kan abin da ba ita ta yi ba. Ita kaɗai ce Musulma a ajinsu, da can ko ɗaga ido ta yi magana ba ta iyawa. A katifar nan bakinta ya buɗe.

Zainabu 'yata, Allah ya yi miki albarka. Maganarki ta tsaya min a rai, domin takalmin da muka saya mata farkon kaka ya riga ya matse ta. Ki gaya min, me uwar taku 'yar saman za ta yi a lokacin da zai sanyaya muku rai?

Zainabu daga Atlanta:

Ta kira mu mu shiga hoton, Anti. Shi ke nan fa. Kuma ta san sunayenmu, ta daina ce mana "'yan ƙasan 'yata".

Maman Biyu, Houston:

'Yar uwa, ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, bari in fara da jiki. Cibiyar da ke bin diddigin munanan raunukan wasanni a Jami'ar North Carolina ta nuna cewa daga 1982 zuwa shekaru ashirin da wani abu bayan nan, kusan kashi biyu cikin uku na munanan raunukan da suka samu 'yan mata 'yan wasa a sakandare daga ciya suka fito, irin na kai da wuya da ƙashin baya. An samu sauƙi sosai bayan an hana cilla mutum sama a kan busasshiyar ƙasa, kuma a 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta nemi a ɗauki ciya a matsayin cikakken wasa don a tilasta ƙa'idojin kariya. Inda suna ke shigowa shi ne ɓoye ciwo. Yarinyar da ake jira a layi ba za ta ce kaina na juyawa ba. Za ta naɗe targaɗen ta hau, don ta san wayoyi na jiranta. Abin da muke tsoro shi ne buguwar kai ta biyu kafin ta farko ta warke. Ki faɗa wa Hanan da kocinta a gaban juna cewa in ta bugu a kai likita ke da magana, ko da gasar duniya ce washegari. Ki sa ido kan ciwon kai, amai, ƙin haske, yawan barci da saurin fushi.

Sai wancan mutumin mai neman bidiyo. Kada ki goge saƙon. Ki ɗauki hotonsa tare da sunan shafin, ki kai rahoto ga Instagram da kuma CyberTipline, layin kai rahoto na cibiyar NCMEC mai yaƙi da cin zarafin yara, sannan ki toshe shi. A Fabrairun 2024 jaridar New York Times ta yi bincike kan shafukan ƙananan yara mata da iyaye ke tafiyarwa, ta nuna yadda maza manya ke cika su. Iyayen nan ba mugaye ba ne, da yawansu daga rawa ko ciya da kayan talla na kyauta suka fara.

Kuma ba daga baƙi kawai haɗarin yake ba. Jerry Harris na cikin shirin Netflix ɗin da Zainabu ta ambata, shi ne wanda kowa ya fi so saboda fara'arsa. An kama shi a Satumbar 2020, a Yulin 2022 aka ɗaure shi shekara 12 kan laifukan lalata da suka shafi ƙananan yara. Tagwayen da suka fara tona shi 'yan Texas ne, 'yan ciya, shekarunsu 13 lokacin da ya fara aika musu saƙo, sa'annin Hanan. Ba baƙo ba ne a wajensu, wanda suke kallo da sha'awa ne a wasan. Mahaifiyarsu ce ta ga saƙonnin a waya ta kai ƙara ga hukumar wasan ta USASF, aka shafe watanni ba a dakatar da shi ba sai da jaridar USA Today ta fallasa. Binciken jaridar ya gano mutum kusan 180 masu alaƙa da ciya da aka taɓa tuhuma da irin wannan laifi a kan yara, amma ba a hana su shiga harkar ba. Shi ya sa nake cewa duk wani babba, ko koci ne ko tauraro, ba shi da hurumin aika wa 'yarki saƙo ba da saninki ba. Ki faɗa mata tun yanzu, don ranar da wani mai suna ya rubuto mata yana yaba ta, daɗi za ta ji, ba tsoro ba.

Malam Auwalu:

Hajiya, aikina lissafi ne, ta nan zan duba. Kamfanin Varsity na Memphis, wanda Jeff Webb ya assasa daga 1974, shi ke da mafi yawan manyan gasannin nan, har da na ƙungiyar 'yan ciya ta NCA da Lawrence Herkimer ya kafa a Dallas a 1948. Shi ke sayar da yunifom, shi ke da sansanonin horo, shi ke sayar da damar kallon gasa ta intanet. Kamfanin zuba jari na Bain Capital ya sayi uwar kamfanin a 2018 kan kusan dala biliyan 2.5, wani irinsa mai suna KKR ya karɓa a 2024. A shekarar ce kuma aka sasanta ƙarar da iyaye suka shigar kan zargin mamaye kasuwa da tsawwala farashi a kan dala miliyan 82.5, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Na kawo wannan ne don ki ga girman kasuwar da 'yarki ke ciki. Duk 'yar shekara 7 da ta ga bidiyon Hanan ta ce wa uwarta ni ma sai na yi, dubban daloli ne a shekara suka shigo harkar.

To a cikin wannan, ribin kyauta da ɗan kaso ake miki tayi a kan fuskar yarinya. In za ki saurare su, ki nemi yarjejeniyar a rubuce. Har yaushe za su yi amfani da hotonta? Za su iya sa shi a tallan da suke biya ya je wa waɗanda ba ki zaɓa ba? In kin ce kin fasa, za su sauke hotunan? Ki kuma duba takardar da kika sa wa hannu a kulob, da yawa suna da ƙa'ida kan yin talla cikin yunifom ɗinsu. Duk abin da ya shigo a buɗe mata asusu da sunanta. Jihar Illinois ta mayar da haka doka tun Yulin 2024 ga yara 'yan ƙasa da 16 da ake samun kuɗi da bidiyonsu, ke ba sai doka ta sa ki ba.

Kada kuma a ruɗe ki da maganar karatu kyauta. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ba ta lissafa ciya cikin wasanninta, shi ya sa 'yan ciya suka daɗe suna karɓar kuɗin talla tun kafin a sassauta wa sauran 'yan wasa a 2021. Amma tallafin karatun da ake ba su yawanci kaɗan ne, kuma koci gwajin da ta yi a gabansa zai duba, ba yawan mabiya ba.

Maman Hanan:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa babanta amsoshin nan jiya da dare, muka kira Hanan muka zauna.

Shafin ba za a goge ba, ba kuma za a buɗe ba. Wanda ba mu san shi ido da ido ba ba zai shiga ba, ko da yarinya ce mai ribin a hoto, don ba mu da tabbacin wa ke riƙe da wayar. Kamfanin na rubuta musu na gode, ba yanzu ba. Maman Biyu, na kai rahoton kamar yadda kika ce, kuma na gaya wa Hanan labarin tagwayen nan daidai yadda hankalinta zai ɗauka. Ta yi shiru, daga baya ta tambaye ni ko uwarsu ta yi musu faɗa. Na ce mata ko me ta gani a waya ta kawo min, ba faɗa ba tuhuma.

Layin da ake yi a wajen gasa ba zan hana ba, yaran nan ƙanana ba su yi laifin komai ba. Amma sai bayan sun sauko daga katifa, ina tsaye a wajen, kuma su huɗu za su tsaya ba ita kaɗai ba. Na gayyaci yaran uku da iyayensu mata cin abinci ranar Lahadi, zan yi masa da miyan taushe, biyu sun amsa, uwar ta ukun ta ce za ta duba. Hanan har yanzu fushi take da ni kan kamfanin, da safen nan a mota ba ta ce min uffan ba har muka isa makaranta.

Saura bidiyon. Na rubuta wa shafin Instagram ɗin da ya fara ɗorawa na ce ni ce mahaifiyarta kuma shekarunta 13, sun sauke cikin mutunci. Na TikTok ne suka yi yawa, wasu sun canja kiɗan, wani ma ya rubuta sunan garinmu a kai, kuma shi ya fi damuna. Akwai wanda ya taɓa sa TikTok ta sauke bidiyon ƙaramin yaro da wani ya ɗora? Ta wace hanya kuka bi, kuma wace shaida suka nema?